Jalapeno da attarugu: wa ya fi yaji, kuma me ake nema a cikin barkono?

Wane irin barkono ne jalapeno, kuma da gaske ne ya fi attarugu yaji? Tambayar ta shigo hirar mutane ne ta cikin waya. Bidiyoyin girki sun cika TikTok da Facebook, kuma ana yawan ganin wani koren barkono mai sheƙi a cikinsu, gajere mai kauri, ana yayyanka shi zobe-zobe ana barbaɗawa a kan fiza ko a cusa shi cikin shawarma. Daga nan zance ya rarrabu a zaurukan WhatsApp na mata da majalisun samari a Katsina. Wasu na cewa shi ne sarkin yaji, tunda ga Turawa can suna ci suna hawaye. Wasu na cewa barkonon masu hali ne, ba ya tayar da olsa. Akwai masu ɗari-ɗari da shi, don suna zaton yana cikin irin da aka sauya wa halitta a ɗakin bincike. Akwai kuma matasan da suka ji an ce yana kuɗi a Legas da Abuja, har sun fara lissafin ware masa wuri a fadama.

Duka maganganun nan suna buƙatar gyara, kuma ta farkon ce mafi sauƙin gyarawa: in dai yaji ake magana, jalapeno ko kusa da attarugu bai zo ba.

Daga ina ya fito, su wane ne danginsa?

Jalapeno ɗan ƙasar Meziko ne. Ya ci sunan garin Jalapa, babban birnin jihar Veracruz, kuma masu shi "halapenyo" suke furtawa. Tsohon iri ne da manoman can suka gada kaka da kakanni. Muhawarar da ake yi a Najeriya kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ta shafi auduga ne, da waken SAMPEA 20-T da aka amince da shi a 2019, da masarar TELA da aka saki a 2024. Jalapeno ba ya cikin wannan sahu.

Kafin mu kira shi baƙo ma, ya kamata mu sani cewa attarugu da tattasai da shambo da ƙananan barkonon daka duk nahiyarsu ɗaya da shi. Dangin barkono gaba ɗaya daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suka fito, inda aka shafe sama da shekara 6,000 ana nomansu. Sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 suka tsallaka teku, sannan jiragen ruwan Turawan Fotugal suka yaɗa su zuwa gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16, fatake kuma suka ƙarasa aikin. Ke nan a zamanin da ake ba da labarin rijiyar Kusugu a Daura, ko zamanin Muhammadu Korau a Katsina, babu tukunyar da ta taɓa ganin barkono. Abin da ke ɗumama bakin mutanen wancan lokaci shi ne masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda har yau ba su bar turmin dakan yaji ba.

Masana tsirrai sun kasa barkonon da muke ci gida-gida. Gidan da ya fi yawan 'ya'ya shi ne Capsicum annuum, kuma a nan tattasai yake, da shambo, da koren tattasan da ake sa wa soyayyar shinkafa, da shi jalapeno ɗin da ɗan'uwansa serrano. Attarugu, wanda wasu ke ce wa tarugu ko attaruhu, ɗan gidan Capsicum chinense ne, tare da habanero na Meziko da Scotch bonnet na Jamaika. Tsiduhu kuwa, ɗan mitsitsin nan mai faɗa, ana lissafa shi a gidan Capsicum frutescens, inda barkonon da ake yin miyar yajin kwalba ta Tabasco da shi yake. Idan aka bi ta jini, jalapeno ya fi kusa da tattasai nesa ba kusa ba a kan attarugu.

Yadda ake auna yaji

A 1912 wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya fito da hanyar auna yaji. Yakan tatso ruwan barkono, ya riƙa sirka shi da ruwan sukari yana ba mutum biyar suna ɗanɗanawa, har sai yawancinsu sun daina jin komai. Yawan sirkin da aka yi kafin yajin ya ɓace shi ne makin barkonon. Yanzu na'ura ce ke aikin, ba harshen mutane ba, amma ma'aunin bai sauya suna ba.

A kan wannan ma'auni, koren tattasai mai zaƙi ba shi da ko maki ɗaya. Jalapeno yana tsakanin 2,500 da 8,000. Serrano kan kai daga 10,000 zuwa 23,000. Dogon jan barkonon da Turawa ke kira cayenne, wanda shambo ke kama da shi, yana tsakanin 30,000 da 50,000, ko da yake shambon da ake samu a kasuwanninmu wani na da sanyi sosai. Ajin tsiduhu daga 50,000 yake tashi, yakan kuma haura 100,000. Ajin attarugu kuwa daga 100,000 ne zuwa 350,000. A ɗauki jalapeno mafi faɗa a haɗa shi da mafi sanyi a ajin attarugu, har yanzu attarugun ya ninka shi sau 12. In kuma aka juya lissafin, ninkin ya wuce sau 100.

A saman ma'aunin akwai waɗanda aka kiwata don gasa kawai. Carolina Reaper yana da maki kusan miliyan 1.6, sannan a 2023 kundin Guinness ya ba Pepper X kambu da maki miliyan 2.69. Mutum ɗaya ne ya samar da su duka biyun, Ed Currie na jihar South Carolina. Waɗannan ba na miya ba ne.

Jalapenon da ake sayarwa cikin kwalba ma galibi ya fi na gona sanyi. A farkon shekarun 1980 Jami'ar Texas A&M ta fitar da wani iri marar faɗa sosai, saboda kamfanonin sarrafa abinci sun fi son barkonon da yajinsa ba ya hawa da sauka, in ya so su ƙara yajin da kansu gwargwadon abin da suka rubuta a jikin kwalba. To me ya sa ake ganin masu cin sa a bidiyo suna share hawaye? Sabo ne. Baki kan saba da yaji idan ana ci kullum. Yaron da ya tashi da ɗanwake da mai da yaji, ko awarar bakin makaranta, ya riga ya wuce ajin jalapeno tun yana firamare.

Ba kuma kowane attarugu ne ke cika makinsa ba. Iri ya bambanta, ƙasa ta bambanta, kuma shukar da ta sha wahalar ƙishirwa da rana ta fi tara yaji a kan wadda ta wadatu da ruwa. Shi ya sa idan mai kayan miya ya ce, "Hajiya, wannan mai faɗa ne, ki rage hannu," gara a ji maganarsa.

Ina yajin yake zaune?

Abin da ke kawo yaji wani sinadari ne mai suna kafsaisin. Yawancinmu mun tashi muna jin cewa 'ya'yan barkono ne ke da yaji, amma ba su ke ƙera shi ba. Idan aka tsaga attarugu ko jalapeno za a ga wata farar tsoka a tsakiya, da jijiyoyi da suka bi jikin bango, inda 'ya'yan ke maƙale. Nan ne matattarar kafsaisin. 'Ya'yan suna shafar yajin ne kawai don suna zaune a jikinta. Wadda ta zubar da 'ya'ya ta bar farar tsokar ba ta rage wani abin kirki ba. A kankare farin da cokali, sai a samu ƙamshin attarugu da yajin da baki zai iya ɗauka. Wannan dabara kaɗai ta isa ta raba gardama a gidan da maigida ke son yaji, yara kuma ba sa so.

Yaji ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko tsami ko ɗaci. Akwai wata kafa a jijiyoyin baki da fata, masana na kiranta TRPV1, wadda aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa abu mai zafi ya taɓa jiki, kuma takan buɗe ne idan zafi ya kai wajen digiri 43. Kafsaisin yana buɗe wannan kafa ba tare da wani zafi na gaske ba. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce, ta saki gumi da hawaye da majina don ta kashe gobarar da babu ita. David Julius ne da abokan aikinsa suka gano kafar a 1997, kuma aikin na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021.

Tsuntsaye ba sa jin wannan yaji, don tasu kafar ba ta amsa wa kafsaisin. Su ne ma ke yaɗa irin barkono a daji ta hanyar kashinsu. Wannan ne ya sa kaza ke tsattsagar barkonon shanya hankali kwance, ko ta sha ruwan da aka jiƙa mata barkono lokacin annobar kaji ba ta nuna komai ba. Jiƙon dai ba ya maye gurbin rigakafi.

Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Daga wannan gaskiya ɗaya abubuwa da yawa na kicin ke fitowa. Wanda yaji ya kama ya ɗaga kofin ruwan sanyi zai ji sauƙi na ɗan lokaci, da ya haɗiye sai raɗaɗin ya dawo, wani lokaci ma ya ƙara bazuwa. Nono ko kindirmo ko madara su ne magani, domin akwai wani sinadarin gina jiki a cikinsu da ke kama kafsaisin ya wanke shi daga harshe. Masu sa barkono a fura sun daɗe da sanin cewa da an dama da nono yajin ke kwantawa. Hannun da ya yi jajjage yana raɗaɗi kuwa, a murza masa man gyaɗa tukuna, sannan a wanke da sabulu. Kada a kai shi ido ko jikin jariri kafin nan.

Haka kuma dahuwa ba ta kashe yaji, rarraba shi kawai take yi. Idan miya ta yi yaji fiye da kima, ƙara mata wuta ɓata gawayi ne. A kwashe man da ya taso sama, don rabo mai yawa na yajin a cikinsa yake, sannan a ƙara abin da zai yawaita miyar: tumatir, kabewa, ko niƙaƙƙiyar gyaɗa in miyar za ta karɓa.

To me ake nema a jalapeno?

A ganina nan ne ainihin ruɗanin yake. Mun saba auna darajar barkono da faɗansa, har in aka ce wani barkono ya yi suna a duniya sai mu ɗauka yaji ne ya ba shi sunan. Alhali mai girki abu uku take nema a wajen barkono, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba: yaji, ƙamshi, da tsoka. Attarugu yana ba ta yaji da wani ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace, wanda da an buɗe tukunyar farfesu shi ke fara tarbar mutum, amma fatarsa siririya ce. Tattasai ba ruwansa da faɗa, aikinsa kauri da ja da ɗan zaƙi. Shambo yana tsakani, yana ƙara ja da yaji matsakaici. Busasshen barkono yaji ne zalla, shi ya sa ya dace da turmi, a haɗa shi da ƙuli-ƙuli ko daddawa ko tafarnuwa.

Jalapeno tsoka yake kawowa. Bangonsa na da kauri, yana garas-garas a baki, yana da ɗanɗanon ɗanyen ganye, yajinsa kuma bai kai ya hana a tauna shi ba. Ana tsinke shi ne tun yana kore bai nuna ba. In an bar shi a jikin uwarsa zai yi ja, ya ƙara zaƙi, kuma da irin wannan jan ne ake yin sanannen miyan yajin kwalba na Sriracha da kamfanin Huy Fong ke yi a Kalifoniya. A Meziko ana cin koren ne kusan kamar kayan lambu. Ana yanka shi ɗanye da tumatir da albasa da lemon tsami, ana jiƙa shi a ruwan khal tare da karas, ana ɗura masa cuku ko niƙaƙƙen nama a gasa. Babu mai hankalin da zai yi wa attarugu haka ya ci guda biyar a zama ɗaya.

In aka fahimci wannan, sanin inda zai shiga a abincinmu ba wuya. Zai yi daɗi a kwaɗon zogale ko na rama, a cikin dambu, a wainar ƙwai, a kan garau-garau tare da latas da tumatir, ko a gefen tsire da balangu inda ake yanka albasa. Duk inda ake son a ji barkono a haƙori, wurinsa ne. Amma wadda ta niƙa shi a miyar dage-dage ko dafa-duka ta yi asarar kuɗinta, don ba zai ba ta ja ba, ba zai ba ta ƙamshin attarugu ba, yajin ma sai ta zuba da yawa. A miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa kuwa ɓacewa zai yi gaba ɗaya.

Kuma ba dole sai shi ba. Idan tsarin girki ya ce a sa jalapeno, ɗanyen shambo kore mai ɗan kauri zai yi aikin, a tsaga shi a kankare cikin. Ko a yanka koren tattasai a haɗa da ɗan ƙaramin yanki na attarugu. Na kwalbar nan mai tsada ma ana iya yin kwatankwacinsa a gida: a tafasa ruwa da farin khal daidai wa daida, a sa gishiri da ɗan sukari da tafarnuwa, a juye a kan yankakken barkono cikin kwalba mai tsabta, in ya huce a sa a firij. Abin da bai kamata ba shi ne a nutsar da ɗanyen barkono da tafarnuwa cikin mai a ajiye a ɗaki kwana da kwanaki. Inda babu iska babu tsami, wata ƙwayar cuta mai fitar da guba mai shanye jiki na iya tsira, kuma ba lallai wari ko kala su nuna ba. Tsamin khal ɗin ne ke tsare abincin.

Maganar olsa da basir

Da wuya a yi hirar yaji ba a ambaci gyambon ciki ba. Shekaru da yawa likitoci ma sun ɗora laifin a kan yaji da damuwa. A farkon shekarun 1980 ne wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa don ya tabbatar. An ba su kyautar Nobel a 2005. Sanadi na biyu mafi girma shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Wannan ya shafe mu ƙwarai, ganin yadda lebura ko ɗan acaɓa ko manomi ke tsayawa wajen mai kwali da yamma a haɗa masa na ciwon jiki, ya kora da ruwa cikinsa babu komai.

Barkono ba ya huda ciki. Abin da yake yi shi ne tsokano ciwon da ke akwai. Mai gyambo ko mai ƙwannafi zai iya jin zafi ya ƙaru bayan ya ci yaji, kuma in haka ne, ragewa ya fi. Amma barin yaji kaɗai ba ya warkar da gyambon da ƙwayar cuta ta kawo. Sai an je asibiti an yi gwaji, an sha maganin da ke kashe ta har ƙarshe. Masu cewa jalapeno ba ya tayar da olsa suna da rabin gaskiya: sinadarin iri ɗaya ne da na attarugu, yawansa ne kawai ya yi ƙasa. Rubu'in attarugu da aka kankare zai ba da irin wannan sassaucin a kuɗi kaɗan.

Basir ma kusan haka ne. Jiki ba ya narkar da kafsaisin duka, shi ya sa wanda ya cika yaji da dare ke jin sa da safe. Wani gwaji da aka yi a Italiya aka wallafa a 2006 bai ga barkono ya tsananta wa masu basir ciwonsu ba. Mai tsagewa a dubura ne raɗaɗinsa ke ƙaruwa. Taurin bayan gida da yawan yunƙuri da ƙarancin ganye da ruwa sun fi yaji laifi a wannan fanni.

Wannan ba lasisi ba ne na gasar cin yaji da matasa ke kwaikwaya don a kalle su. A watan Satumba na 2023 wani yaro ɗan shekara 14 ya rasu a jihar Massachusetts ta Amurka bayan ya ci wani soyayyen abu da aka yi da barkonon gasa, kamfanin kuma ya janye kayan daga kasuwa. A watan Yuni na 2024 hukumar abinci ta Denmark ta sa a janye wasu taliyoyin Koriya ta Kudu saboda yawan kafsaisin. Yajin miya daban, wannan daban.

Haɗarin da ba a cika magana a kansa ba

Da za a karkata rabin tsoron da ake yi wa yaji zuwa ga yadda ake shanya barkono da adana shi, da an fi amfana. Duk mai bin hanyoyinmu lokacin kaka ya saba ganin jan barkono da tattasai shimfiɗe a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota na sauka a kai, awaki na ratsawa. Wanda bai gama bushewa ba aka ɗura shi a buhu, ko damina ta same shi a ɗaki mai laima, yakan yi fumfuna. Wasu nau'o'in fumfunar na fitar da guba mai suna afulatoksin, irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanta. Tafasa ba ta kashe ta. Barkonon da cikinsa ya yi baƙi ko toka-toka, ko yake warin laima, ba araha ba ne ko nawa aka sayar da shi.

Garin barkono kuma ya fi sauƙin algus, tunda ido ba ya ganin abin da aka niƙa. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2005 Birtaniya ta janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna bayan an gano wani rinin masana'antu mai suna Sudan I a cikin garin barkonon da aka yi amfani da shi. Sayen barkono ɗungurungum a tsince a kai niƙa ya fi kwanciyar hankali.

Sai gishiri. Cokalin yajin da ake zubawa a ɗanwake ko shinkafa da wake ba barkono kaɗai ba ne, akwai gishiri da dunƙule masu yawa a ciki. Mai hawan jini da ke zargin barkono, wataƙila abokan tafiyarsa ya kamata ya duba. Jalapenon kwalba shi ma cikin ruwan gishiri yake kwance.

Manomi ya shuka shi?

Sha'awar ba daga sama ta faɗo ba. Kowace shekara, daga wajen Mayu zuwa Yuli, kayan gwari na tsada saboda na rani ya ƙare na damina bai iso ba, kuma a tsakiyar 2024 tsadar tumatir da attarugu ta kai inda gidaje da yawa suka koma busasshe. Kuɗin sufuri ya tashi tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rashin tsaro kuma ya hana noma a gonaki da dama a yankunan Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara. Matashin da ke noman rani a Ajiwa, ko gefen dam ɗin Zobe a Dutsin-Ma, ko Daberam da Sabke a ƙasar Daura, ba laifi ba ne in ya nemi abin da zai fi kawo masa kuɗi.

Ta fuskar shuka, jalapeno zai yi a ƙasarmu. Renonsa da dashensa kamar na tattasai ne, kuma yakan fara ba da 'ya'ya wajen kwana 70 zuwa 80 bayan dashe, ya riga attarugu. Sanyin hunturu ya fi masa, domin idan zafi ya haura digiri 32 zuwa 35 fure kan riƙa zubewa, bazarar Katsina kuwa takan wuce 40.

Matsalar tana kasuwa. Mai attarugu ko tattasai yana da mafita biyu. Ko'ina ya kai kayansa, daga kasuwar ƙauye zuwa motar da za ta Kudu, akwai mai saye. In kuma kasuwa ta faɗi, ya shanya ya ajiye har farashi ya tashi. Busasshen tattasai sana'a ce mai zaman kanta, ita ce ma ta yi wa yankin Diffa na Nijar suna. Jalapeno bai da ko ɗaya cikin biyun. Masu sayensa 'yan kaɗan ne, otal-otal da gidajen fiza da manyan kantuna a manyan birane, kuma kore shar suke so, marar tabo. Kaurin da ya ba shi daraja kuma shi ke hana shi bushewa da sauri, yakan ruɓe kafin rana ta gama da shi. Dalilin da ya sa ke nan mutanen Meziko ke barin sa ya nuna su yi masa banda da hayaƙin itace na kwanaki, ya koma abin da suke kira chipotle, inda kusan kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1. Mu da muka iya bandar kifi da nama ba za mu kasa wannan ba, sai dai shi ma sai an nemo masa mai saye.

Wanda ke son gwadawa, ya fara samun wanda zai karɓa da farashin da aka yi magana, sannan ya ware fangali biyu ko uku, ba gona guda ba. Ya kuma nisanta shi da tattasai da shambo in yana da niyyar cire iri. Tunda gidansu ɗaya, ƙudan zuma na haɗa su aure cikin sauƙi. 'Ya'yan bana ba za su nuna komai ba, amma irin da aka cire daga cikinsu zai iya fitar da tattasai mai yaji ko jalapeno marar siffa a shekara mai zuwa. Yawancin irin da ake sayarwa a fakiti ma haɗin aure ne na kamfani, wanda ko an killace shi ba ya maimaita kansa daidai, don haka kuɗin sabon iri na kowace shekara ya shiga cikin lissafi tun farko.